Kuɗin manya ba a wajen lancin ake samunsa ba

Duk wanda ya ji cewa ni ke riƙe da ɓangaren manyan masu ba da tallafi a gidauniyarmu ta yara marayu, tambayar farko ita ce yaushe za ku yi lancin. Wato a kama hol, a buga kati, a sa wani babba ya zama babban mai ƙaddamarwa, sanƙira ya yi ta zuba kirari ana tafi ana sanar da miliyan kaza. To gaskiya ni lancin bai dame ni ba, don rabin abun da ake faɗa a lasifika alƙawari ne, daga baya sai bin bashi, ka kira waya ba a ɗauka, ka je gida maigadi ya ce Alhaji ya tafi Umara. Kuɗin da ke riƙe mu shekara zuwa shekara daga hannun mutane 'yan kaɗan yake fitowa, kuma yawancinsu ko sunansu ba sa so a ambata.

Kaduna tana da nata yanayin. Da ana zuwa Kakuri a kai takarda masaƙu, yanzu masaƙar KTL (Kaduna Textiles) ta rufe tun 2002, sauran ma duk sun bi sahu, bankuna da kamfanonin waya kuma manajan reshe ba shi da ikon sa hannu, sai ya tura Legas ko Abuja ka yi ta jira. Manyan gidauniyoyi irin ta Dangote ko ta TY Danjuma ko ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu suna da nasu tsarin da nasu fom da lokacinsu. Abun da muke da shi a nan mutane ne, tunda garin nan tsohuwar hedikwatar Arewa ce, tsofaffin janarori da manyan sakatarori da suka yi ritaya suna nan zaune a Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, ga 'yan kasuwar da ke da shaguna a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci waɗanda in ka gan su da silifas ba za ka ce suna da ko sisi ba. Ga kuma Hajiyoyi, waɗanda wallahi sun fi maza cika alƙawari, wannan kam na gani da idona.

Irin waɗannan ba a tura musu saƙon WhatsApp mai lambar akawun a ƙasa. Sai da ɗan gari, wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacin da yake salla ko abokin karatunsa ko surukinsa. Ka je gaisuwa kawai, ranka ya daɗe mun zo ne mu gaishe ka mu kuma gaya maka abun da muke yi, ka sha ruwa ka tashi ba ka roƙi komai ba. Ɗaurin auren 'yarsa kana nan, ta'aziyya kana nan. Sabbin ma'aikata suna ganin ɓata lokaci ne, amma mutumin da kowa ke zuwa masa da koko a hannu yana lura da wanda ya zo ba da shi ba.

Inda aikin yake da sarƙaƙiya shi ne sanin wane irin kuɗi ne mutum zai ba ka, don Alhaji ɗaya yana da zakka yana da sadaka yana iya yin wakafi, kuma ba a haɗa su a tukunya ɗaya. Zakka kashi 2.5 cikin 100 ce ta dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma mutane takwas ɗin da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60 su ke cinta, maraya ma ba don maraicinsa yake shiga ba sai don yana cikin fakirai ko miskinai. Malamanmu na Malikiyya sun tsaya kan cewa a damƙa ta ga mai haƙƙi, saboda haka ba za ka ɗauki zakkar mutum ka yi rufin kwano ko ka sa sola a ofis ba. Mu akawun daban muke zuba ta, abinci da sutura da kuɗin makaranta da magani kawai. In gini ne ko bohol sai a yi maganar sadakatul jariya, kuma a nan ne manya suka fi sakin hannu don kowa yana son abun da zai bi shi kabari. Matsalar ita ce albashin masu rainon yaran da man janareta da kuɗin mota zuwa asibiti, ba wanda ke son ya ce shi ya biya kuɗin mai, alhali tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 shi ke cinye mu. Wannan roƙon sai ga wanda kuka daɗe tare, ka buɗe masa littafi ya ga lissafi da kansa.

Lokaci ma abun lura ne. Wanda ya bari sai azumi ya kama ya makara, don tun Sha'aban Alhaji ya gama rubuta sunayen waɗanda zai ba. Masu taimaka mana ta Barnawa da Sabon Tasha kuma, su zakkarsu ta coci ce, amma gab da Kirsimeti suna tuna yara sosai, ta hannun fasto ko ƙungiyar zumuntar mata ake bi.

Tsohon ma'aikacin gwamnati kuwa kafin ya taɓa aljihu zai ce ina satifiket ɗinku na hukumar rajista ta CAC, kun yi rajista da SCUML, wato sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram, wa ke binciken lissafinku, su waye amintattu. Ka riƙe su duka a fayil ɗaya. Alat na shigowa a kira shi a ranar, risit ya bi baya, bayan 'yan watanni rahoto shafi guda, ba littafi ba, yara nawa suka koma aji, wa ya gama firamare, nawa ya rage.

Akwai kuɗin da muke mayarwa fa. Ɗan siyasan da zai zo da buhunan shinkafa da masu kyamara gab da zaɓe, a jera yara a rana suna riƙe da hotonsa, wannan kam kwamitinmu ya daɗe da cewa a'a. Fuskar yaro ba ta hawa Facebook, ko nawa ne. Wata Hajiya ta taɓa cewa a ba ta yarinya ɗaya ta riƙe a gida tunda ita ke biya mata makaranta, na ce Hajiya wannan ba hurumina ba ne, sai ta hannun dangin yarinyar da ma'aikatar da ke kula da walwalar yara da kotu. Ta yi fushi ta daina ɗaukar wayata na ɗan lokaci, yarinyar dai tana wajen kakarta a Rigasa, kuma kuɗin zangon bai fasa shigowa ba.