Tikitin kyauta ne fa, Yaya

Ƙungiyoyi 32 ne a babbar gasar hoki na ƙanƙara ta Amurka da Kanada, wadda suke kira NHL, kuma duk shekara 16 daga ciki ke tsallakawa zagayen neman kofi, rabi cur kenan. Toh ni Allah ya haɗa jinina da wadda har zuwa 2025 rabonta da shiga wannan rabin tun 2011. Kakar da aka rufe a Afrilun 2025 ita ta cika 14 a jere, babu kulob ɗin da ya taɓa yin irin wannan dogon zama a waje a tarihin gasar. Sabres sunanta, ta garin Bafalo inda nake zaune, kuma don Allah kar wani ya ce min in canza, wlh na gaji da jin wannan shawarar.

Bafalo a jihar Niyok take, amma ba Niyok ɗin da kuke gani a talabijin ba, wannan tana can ƙurya a bakin tafkin Erie, in ka hau gada ka tsallake kogi sai Kanada. Shi ya sa ma duk wasan da za a yi a filinmu sai an rera taken ƙasa biyu. Iska tana kwaso danshi daga tafkin nan ta juye mana shi dusar ƙanƙara a ka, a Disambar 2022 an yi wata guguwa da ta ci rayuka sama da 40 a yankin, wasu a cikin motocinsu aka same su. Lokacin sanyi kafin biyar na yamma an yi magariba, ka dawo daga aiki gari ya yi duhu, ba dandali ba majalisa, ba wanda zai leƙo ya ce kana ciki? Haka na yi ta zama daga sito sai ɗaki, daga ɗaki sai sito, sai masallaci ranar Juma'a in aiki ya bari.

Wani dattijon Bature ne a wurin aikinmu ya ja ni cikin harkar. Shi da matarsa suna yankar tikitin kaka gaba ɗaya tun kafin a haife ni, kujera biyu a can sama. Matar ta yi fama da gwiwa ta daina iya hawa bene, ya nemi mai sayen kujerarta ya rasa, wa zai ba da kuɗinsa ya je kallon ana lallasa garinsu, sai rannan a ɗakin hutu ya miƙo min waya ya ce ga kujera nan in ina so. Kyauta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Ranar 3 ga Disamba 2024 muka je, da Colorado ake karawa. Na yi isha'i a gida na ninka wando biyu na fita. Filin yana cin mutum wajen 19,000 amma ga kujeru nan fayau layi layi. Abin da talabijin ba ta nunawa shi ne ƙara, yadda takalmin ƙarfen nan ke kankare ƙanƙara in mutum ya taka birki, da yadda ƙato zai kwaso gudu ya maka ɗan'uwansa da gilashi har ka ji a ƙirjinka daga saman bene. Ɗan baƙin faifan robar da suke bugawa kuwa ban ma iya ganinsa ba da farko, sai dattijon ya ce in daina neman faifan, in kalli inda 'yan wasa suka karkata. Zubi uku ake yi, kowane minti 20. A zubin farko kawai muka zura huɗu ba ko ɗaya, duk ci sai a busa wani ƙaho mai firgita jariri, ina tsalle ina rungumar mutanen da ban taɓa gani ba, wata tsohuwa a bayana har da dukan kafaɗata. Na juya na ga mutumina ko motsi bai yi ba, ya naɗe hannu yana kallon agogon wasa. Na ce lafiya? Ya ce tukuna dai.

Biyar da huɗu aka tashi, Colorado ce ta ci. Ɗaya bayan ɗaya suka farke har suka ɗora, muna zaune muna kallo, mutanen gari suka bi 'yan wasansu da ihu har suka shige. Wannan kuma yana cikin wasa 13 da aka jera ba nasara a wancan lokacin, har mai kulob ɗin Terry Pegula ya bi su Montreal ya yi musu magana, aka fito aka sha 6 da 1. Shi Pegulan nan da ya sayi kulob ɗin a 2011 cewa ya yi daga ranar ba su da wani dalilin wanzuwa sai ɗaukar kofin gasar, wanda ake kira kofin Stanley. Manajan da ke sayen 'yan wasa a lokacin kuma, Kevyn Adams, ya fito gaban 'yan jarida yana cewa manyan 'yan wasa ba sa son zuwa Bafalo saboda ba bishiyar kwakwa sai haraji, aikuwa magoya baya suka riƙa zuwa fili da bishiyar kwakwa ta roba irin wadda ake hurawa. Na yi dariya har da hawaye, na ce mutanen nan ashe sun iya habaici.

Abin da ya fi cin rai shi ne duk wanda ya bar mu sai ya je ya ɗaga kofi. Ryan O'Reilly ya ce zaman nan ya sa ya fara rasa son wasan, aka sayar da shi St. Louis a 2018, shekara na zagayowa ya ci kofi har da kyautar gwarzo. Jack Eichel da aka ɗauko a 2015 ana cewa shi ne mai ceto, aka yi rigima da shi kan aikin wuyansa, ya tafi Vegas a 2021, 2023 ya ci. Sam Reinhart ya tafi Florida, shi ya zura ƙwallon da ta ba su kofi a 2024. Mu kuwa tun kafa kulob a 1970 ba mu taɓa ɗauka ba, sau biyu aka je wasan ƙarshe, 1975 da 1999, kuma na 1999 ɗin kar ka kuskura ka tayar da maganar a gaban tsoho, domin har gobe sun rantse ƙafar Brett Hull na Dallas tana cikin da'irar gola lokacin da ya ci, bai kamata a karɓa ba. A 2023 maki ɗaya tak ya hana mu tsallakawa, ta leƙo ta koma. Ni da na ga Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022 na ɗauka na san baƙin cikin ƙwallo, amma can ko ba komai an faɗa, an ji kunya, an yi zuciya an dawo. Nan ba a korar kowa, in ka zo na ƙarshe ma kai ka fi kowa damar cin ƙuri'ar fara zaɓar matashin da ya fi kowa, haka muka samu Rasmus Dahlin a 2018 wanda yanzu shi ne kyaftin, sai a ce maka ka yi haƙuri ana gini, shekara 14 ana gini.

Kun lura ina cewa mu ko? Ni ma ban san lokacin da abin ya fara ba. Washegarin wasan nan na shiga aiki, mutanen da sai dai mu ɗaga wa juna kai suka fara tsayar da ni, wai an ce kana wurin jiya, sannu, ka ga abin da muke fama da shi. Direban bas ya ga hulata ya girgiza kai ya ce Allah ya ba mu haƙuri, da irin nasu kalaman dai. Da ƙungiya ce mai ci, tikiti zai yi tsada, kujerar ba za ta taɓa zuwa hannuna ba, kuma ba wanda zai kula wani baƙo ya sa hula.

Toh ga inda matsalar take. A daren nan, muna huɗu da nema, na ɗauki hoto ina washe baki sanye da rigar kulob, na ɗora a sitatus. Rigar nan gwanjo ce, a shagon kayan da aka sa aka bayar na same ta, sunan da ke bayanta ma na wani ne da aka sayar tuntuni. Kafin in iso gida matar Yaya ta kwafe hoton ta jefa a gurup ɗin gida, da asubarsu sai ga saƙon murya na Yaya Babba, dogo, a gaban kowa har da surukai da 'ya'yan da na yi wa wanka da hannuna. Wai ashe akwai kuɗin kallon ƙarti suna zamiya a kan ƙanƙara amma rufin ɗakin Umma aka ce a jira wata mai zuwa. Wai Amurka ta fara shiga jikina. Wai shi bai ce komai ba fa, tunatarwa ce kawai.

Yaya, kai ka san ba watan da ya taɓa mutuwa ban turo ba. Kai ka san kuɗin makarantar auta daga ina yake fitowa, da maganin hawan jinin Umma, da abin da aka kashe a sunan ɗanka na bayan nan wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da ka sa na faɗa. In ma kana ganin na yi ba daidai ba ai kana da lambata, ni ƙaninka ne, ka kira ni ka zage ni son ranka zan ce Allah ya ba ka haƙuri. Amma a gurup? Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge, daga ƙarshe na ce Allah ya huci zuciyarka Yaya, tikitin kyauta aka ba ni. Ya karanta, shuɗin layi biyu ya fito, bai ce uffan ba. Ba wanda ya yarda, na sani, a ganinsu Bature ba ya kyauta kuma wanda ke Amurka ba ya sa gwanjo.

Na tura kuɗin rufin a watan, bashi na ci na ƙara awannin dare na biya, an yi rufi kafin damina alhamdulillah. Hoton rufin ma auta ne ya turo min a ɓoye. Umma kuwa da muka yi waya ko kusa ba ta tayar da zancen kuɗi ba, ita damuwarta ɗaya, wai ta ga hoton, wurin duk ƙanƙara ne kuma ba ta ga safar hannu a hannuna ba, kuma wane ne wannan tsohon da ke gefena ya ɓata rai haka, ko bashi yake bi na? Na ce a'a Umma abokina ne, ƙungiyarsa ce ba ta ci. Ta ce to ka gaishe shi, ka ce ya riƙa cin abinci. Na isar da saƙon, mutumin nan ya yi shiru sannan ya ce in ce mata ya gode, yanzu duk Litinin sai ya tambaye ni ya jikinta.

Da ƙaramar salla na kira Yaya na yi masa barka, ya amsa sama sama, muka yi maganar zafi da wutar lantarki, ba wanda ya taɓo abin. Ni dai na cire mutanen gida daga masu ganin sitatus ɗina, daga matar Yaya har ƙasa, auta kawai na bari, shi kuma ya dame ni sai na aiko masa da riga mai lamba 72 ta Tage Thompson duk da bai taɓa ganin wasan ba sai guntayen bidiyo. Na ce ya bari in samu mai tahowa, kuma in ta zo kar ya sa ta a gaban Yaya. Dattijon ya ce zai sake yankar kujeru biyun kaka mai zuwa, matarsa ta ce asarar kuɗi ce, na ce masa wannan karon zan biya rabin tawa.