Bos Ɗin Fim Ɗin Nan Sauro Ne

Duk mai gidan kallon ƙwallo ya san zafin watan Yuni da Yuli. An ɗaga kofi, 'yan wasa sun tafi hutu, benci ya yi ƙura, amma kuɗin haya da na dikoda ba su san hutu ba. A 2023 abin ya haɗe mana goma da ashirin, don a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ni cajin waya ne ya rufa min asiri a nan Zariya. Saboda shi nake tayar da janareta daga hantsi zuwa la'asar, kuma tunda injin zai sha mansa ko na kunna talabijin ko ban kunna ba, sai nake barinta a kunne ta ɗebe min kewa.

Da rana tashoshin wasanni ba su da komai sai maimaici. Wata Talata ina ta latse-latsen rimot na faɗa kan wata tasha, na ga ƙaton jirgin ruwa an cusa shi cikin wani lungun kankare, ruwa na ɗaga shi sama sannu a hankali. Na tsaya. Kafin in ankara masu jiran caji sun gyara zama, 'yan acaɓa biyu da rana ta koro sun shigo, mai shayin ƙofarmu ya leƙo, almajirai sun cika taga. Sai wani yaro ya ce, "Oga, me yake cewa?" Na faɗa masa. Bayan minti ɗaya ya sake tambaya. Haka na zama tafinta ba tare da na nemi aikin ba, da Turancina na difloma.

Shirin a kan mashigin ruwan Panama ne. Da aka yi nisa babu harbi babu duka, yaron ya gaji ya ce, "To wai wane ne bos ɗin?" Aka yi dariya, amma tambayarsa ce ta koya min aikin. Mutanenmu sun saba da fim mai jarumi da bos, kuma da na duba da kyau sai na ga labarin yana da su. Na ce masa ya yi haƙuri, bos ɗin fim ɗin nan sauro ne.

Ba ƙarya na yi ba. Faransawa ne suka fara haƙa a 1881 ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, mutumin da ya yi suna da mashigin Suez wanda aka buɗe a 1869. Ya ɗauka abin da ya yi a rairayin Masar zai yi a Panama, wato ya tsaga ƙasa daga teku zuwa teku a miƙe. Sai ya tarar da daji da duwatsu da ruwan sama mai mayar da ƙasar da aka kwashe cikin ramin da aka haƙa. Ciwon shawara da zazzaɓin maleriya suka yi ta ɗibar ma'aikata, an ƙiyasta kimanin 22,000 suka mutu kafin kamfanin ya durƙushe a 1889. Abin da ya fi girgiza 'yan kallona shi ne asibitin Faransawan. Don kada tururuwa ta hau gadon majinyaci, sai su sa ƙafafun gado cikin kwanon ruwa. Ashe gidan haihuwa suka gina wa sauro a ƙarƙashin marar lafiya, don a lokacin ba a san shi ke kawo cutar ba. Mai shayi ya riƙe baki ya ce, "Su ma Turawan?"

Da Amurkawa suka karɓa a 1904, wani likitan soja, William Gorgas, ya sa aka bi gida-gida da hayaƙin magani, aka sa raga a tagogi, aka yashe kwatoci, aka zuba mai a kan duk ruwan da ke kwance. Cikin shekara biyu shawara ta kau daga wurin aikin. Suka kuma bar batun tsaga ƙasa har ƙasa, suka tare kogi ya zama tafki a sama, suka gina ɗakunan ruwa masu ƙofofin ƙarfe a matsayin matakala. Jirgi ya shiga a rufe ƙofa, a sako ruwa ya ɗaga shi, a buɗe ta gaba. A watan Agustan 1914 aka buɗe mashigin.

A nan na tafka kuskurena na farko. Mai bayanin ya ce ana ɗaga jirgin tamanin da biyar, ni kuma na ƙara masa "mita" daga aljihuna. Wani ɗalibin injiniya daga Samaru da ke jiran wayarsa ya ce, "Yaya, ƙafa ya ce fa, ba mita ba." Ƙafa 85 mita 26 ce kawai. Na ninka abin fiye da sau uku a gaban mutum ashirin. Na ji kunya, amma gara da ya faɗa, don da tuni an kai labarin majalisa ana rantsuwa da ni. Shirye-shiryen Amurka da ƙafa da mil suke awo, na Turai da mita. Daga ranar na sayi littafin rubutu. Waɗannan tashoshi suna maimaita shiri ɗaya sau da yawa a mako, don haka sai in fara kallo ni kaɗai da dare, in rubuta sunaye da shekaru da alƙaluma, in duba su a waya, washegari in zo da shirina.

Ko alƙaluman sun yi daidai, sai ka kawo su gida kafin su shiga kunne. In na ce tsawon mashigin Panama kilomita 82 ne, ba wanda ke motsi. In na ce kamar daga nan zuwa Kaduna ne, a haƙa shi a cikin daji ana mutuwa, sai ka ji salati. Jirgin nan Ever Given da ya gicciye a Suez kwana shida a watan Maris na 2021, mita 400 ne, ni kuwa nakan ce filin ƙwallo huɗu a jere. Layin dogon Rasha daga Mosko zuwa Vladivostok kilomita 9,289 ne, wato ka tashi daga Kano ka je Legas ka dawo, sau huɗu, kuma duk a ƙasa ɗaya.

Na gwada karɓar naira hamsin a ƙofa. Kwana biyu ni kaɗai na yi kallo, na haƙura. Ribar dai ita ce caji ya ƙaru, mai shayi kuma ya fara dafa indomi da rana.

Shirye-shiryen tafiye-tafiye ne suka kusa ja min. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, da ke zuwa kullum da sandarsa ya zauna a bencin gaba. Wata rana na bar wani shiri da ban kalla da dare ba, ana zagaya wani birni na Kudancin Amurka, ana nuna kasuwa da abinci lafiya lau, kwatsam sai ga bakin teku da mutanensa yadda suke. Kafin in lalubo rimot Baba ya miƙe. Kwana uku bai zo ba, sai da na bi shi gida na durƙusa. Ya ce, "Ɗan nan, ba don ni ba. Yaran da ke taga fa?" Tun daga nan abin da ban gani da idona ba ba ya hawa allon da rana. Tafiyar jirgin ƙasa ce ba ta taɓa ba ni kunya ba, musamman na Muritaniya mai ɗaukar tamar ƙarfe daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kilomita 704 a cikin Sahara, tsawon jirgin kansa ya fi kilomita biyu, mutane na hawa kan taragon da rawunansu da awakinsu. Wannan an sa ni na nemo shi ya fi sau biyar.

Akwai kuma halin masu shirin injiniyanci da 'yan kallona suka gano da wuri. Dab da za a tafi talla sai kiɗa ya ɗau zafi, a ce in igiyar nan ta tsinke komai ya rushe. A dawo daga talla, igiya ba ta tsinke ba, a sake maimaita abin da aka riga aka faɗa. Da farko ina fassara har da tashin hankalin, daga baya na daina. Lokacin talla da maimaicin nan shi na mayar na tambaya da musu, kuma sau da yawa ya fi shirin daɗi.

A irin wannan musun ne na lura da abin da ya canza min kallon gaba ɗaya. Mai shirin yana tsaye ne a bayan injiniya, mutanena kuwa suna tsaye a bayan lebura. A Panama an daɗe ana yabon injinan haƙa, amma su tambayarsu ita ce, baƙaƙen nan da ke cikin hoto da shebur, su wane ne? Sai da na bincika na dawo musu da amsa. Yawancinsu daga tsibiran Karebiyan aka kwaso su, musamman Barbados. Albashi ma layi biyu ne, na zinariya ga fararen Amurkawa, na azurfa ga sauran, kuma wurin kwana da wurin cin abinci duk a rabe. Cikin kimanin 5,600 da suka mutu a zamanin Amurkawa, mafi yawa su ne. Shirin ya ba su abin da bai fi minti biyu ba.

Ranar da aka nuna madatsar ruwan Aswan ta Masar abin ya fi fitowa fili. An gina ta daga 1960 zuwa 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet, bayan Amurka da Ingila sun janye alkawarin kuɗi, abin da ya sa Jamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin Suez a 1956. Rabin shirin ya tafi ne a kan gumakan Abu Simbel, yadda aka yanka dutse gunduwa-gunduwa fiye da dubu, wasu tan 30, aka ɗaga su mita 65 aka sake haɗawa don kada ruwa ya cinye su. Aiki ne na ban mamaki, ban musa ba. Amma mutanen Nuba kimanin dubu ɗari da aka tasa daga garuruwansu a Masar da Sudan, har da garin Wadi Halfa da ya nutse, jimla biyu aka yi a kansu aka wuce.

Mai shayi, wanda ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba, ya ajiye buta ya ce an kwashe duwatsu da lallami an kwashe mutane a mota. Ashe shi mutumin ƙasar Yawuri ne. Garin kakanninsa yana ƙarƙashin tafkin Kainji, wanda aka gina madatsarsa daga 1964 zuwa 1968, daidai shekarun da ake ɗaga gumakan can. Sama da mutum dubu 40 aka tasa, har da tsohon garin Bussa. Ya ba mu labarin gidajen siminti da aka gina musu, da yadda kakarsa har ta rasu tana nuna wani wuri a tsakiyar ruwa tana cewa nan ne kabarin mijinta. Na rage muryar talabijin, daga baya na kashe ta ɗungurungum. Ba wanda ya ce a kunna. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ni kuwa wata biyu ina fassara waƙar wasu alhali mai ita yana ƙofata yana dama madara.

Baba ma haka. Da aka nuna layin dogon Hijaz, wanda Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya fara a 1900 da gudummawar Musulmi, ya isa Madina daga Dimashƙa a 1908 amma bai taɓa kaiwa Makka ba, masu shirin hankalinsu na kan Baturen Ingila Lawrence da yadda aka riƙa fasa layin a yaƙin duniya na farko. Baba bai kula shi ba. Kan jirgin yake kallo, yana gaya mana inda ake zuba kwal, inda ruwa ke tafasa, da yadda mai wuta ke gane tururi ya isa da kunnensa kawai. Shi ma da wannan aikin ya fara, da kwal ɗin Inugu. Ya ce yana yaro ya hau ƙaramin jirgin da ke tashi daga nan Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, kuma a hawan dutse tafiyarsa ba ta fi ta mai sauri a ƙasa ba. Rabin waɗanda ke zaune ba su taɓa jin an yi wannan layin ba, ni ma a ciki.

Da aka dawo wasa a watan Agusta na ɗauka abin zai mutu, sai ya zauna. Litinin zuwa Alhamis, sha ɗaya zuwa azahar, shiri ɗaya kawai, wanda na riga na kalla. In an gama sai in tambaya ko akwai wanda ya san irin wannan a wajensu, kuma da wuya a rasa: direban da ya yi Agadas, birkilan da ya yi aikin gada, wanda kakansa ya tafi hajji a ƙasa ya zauna a Sudan.

Makon jiya na roƙi Baba ya bari in ɗauke shi a waya. Ya sa babbar rigarsa, ya zo da tsohuwar fitilar hannu ta reluwe mai gilashi ja da kore, ya yi minti arba'in yana magana ba tuntuɓe. Da dare na kunna in ji, babu abin da ke fita sai rurin janareta, ga bakin Baba na motsi. Na je na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in zo gida ranar Juma'a bayan an sauko, in taho da goro, in bar injina a shago.