Hajiya da matakin mota

Jiya na raka kakata likita, awon hawan jini da take zuwa duk wata, kuma wallahi tun da muka dawo abin yake cina a rai. Gidanmu cikin unguwar Birni yake a Damagaram, lungu ne matsattse ga yashi ga duwatsu, adaidaita ba ya shigowa sai kabu-kabu, ita kuwa gwiwa ta daɗe da ƙi, ta yaya tsohuwa mai sanda za ta ɗaga ƙafa ta hau bayan babur? Haka muka taka a hankali har bakin titi tana dafa kafaɗata tana hutawa jikin katanga.

Adaidaita uku suka rage gudu, suna ganin sandarta suka ƙara wuta. Na huɗun yaro ne ƙarami, ya sauko da kansa ya ce "Hajiya bismillah, ki bi a hankali ba sauri muke ba", ya riƙe mata sandar har ta gyara zaninta ta zauna. Duka-duka minti biyu bai cika ba. Ta yi ta sa masa albarka har muka sauka.

Na tasha ya fi wannan ciwo. Je ka ga masu tafiya Mirriya ran Lahadi, motar hiyas ta tsaya kowa ya ruga, matasa sun cika gaba da bakin ƙofa, dattijo mai furfura an tura shi can ƙurya bayan buhuna, in zai sauka sai ya tsallake mutum biyar. Manyan motocin kar na zuwa Yamai kuma matakinsu ya kai gwiwa, tafiyar kusan kilomita 900, mai ciwon suga yana jin fitsari yana jin nauyin ya ce direba tsaya.

Abin da nake roƙon 'yan sandika, wato ƙungiyar direbobi, da magajin gari ba mai cin jikkuna bane. Kujeru biyu na kusa da ƙofa a bar wa tsofaffi, karen mota ya ajiye ɗan akwatin katako na takawa, kafinta ɗaya zai haɗa shi kafin azahar, a sa benci da rumfa inda ake jiran mota kusa da kasuwar Dole saboda ranar Damagaram ba ta wasa.

Lambar yaron nan dai na karɓa, wata mai zuwa shi zan kira ya jira mu a bakin lungu.