Darussa daga renon ƙashi a ɗakin gwaji

Karaya ta yau da kullum jiki ne ke ɗinke ta, mai ɗori ko likita saiti kawai suke yi. Matsalar tana inda hatsarin babur ko ciwon daji ya cinye ƙashi ya bar giɓi mai faɗi. A nan likita kan yanko wani daga ƙugun majiyyacin ya cike, ga ciwo na biyu, kuma abin da za a iya ɗiba kaɗan ne. Shi ya sa ake son rena ƙashi a waje, daga ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama na ƙashi, na ɓargo ko na kitsen mai shi.

Darasin farko shi ne abinci ba ya kai kansa ciki. Idan aka zuba ƙwayoyin a kan madogari mai ramuka kamar soso, aka tsoma a ruwan reno aka bari, iskar oksijin ba ta shiga fiye da maikiron 200 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). Na baki su yi ɓul-ɓul, na tsakiya su mutu. Maganin wannan shi ne aikin na'urar reno mai tura ruwa, wato bayoriyakta: famfo mai matsa tiyo yana jan ruwan reno daga kwalba, ya bi da shi ta cikin ramukan, ya mayar kwalba, a cikin inkubeta mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Tiyon na silikon ne, don iska ta riƙa ratsa shi.

Madogarin kan zama haidiroksiafatait ko tiraikalsiyam fosfet, ma'adinai masu kama da na ƙashi, ko ƙashin maraƙi da aka wanke ƙwayoyinsa tas. Na ƙarshen nan ba zai yi wuyar samu a Bauchi ko Gombe ba, wankin ne aiki. Ramuka su kai maikiron 300. Ruwan reno kuma ana sa masa ruwan jinin ɗan tayin saniya kashi 10 cikin 100, da maganin dekzametazon, da bitamin C, da sinadarin beta-giliserofosfet mai ba da fosfet, milimola 10.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gudun ruwa. A 2002 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka sun nuna cewa ƙara gudu daga mililita 0.3 zuwa 3 a minti yana ƙara taruwar ma'adinin ƙashi, domin gogar ruwa a jikin ƙwayar ita kanta saƙo ce cewa ta yi ƙashi. Amma kada a kwafi adadin a makance. Mililita 1 da ta yi wa wani madogari daidai tana iya kashe ƙwayoyi a wani mai ƙananan ramuka. Abin lissafawa shi ne saurin ruwan a cikin ramin. A Jami'ar Kolambiya ta Amurka an samu maikiron 400 zuwa 800 a daƙiƙa ya fi kyau a ƙashin maraƙi. Kuma lissafin ranar farko ba ya kai mako 3, domin nama na girma ramuka na tsukewa, gogar na ƙaruwa alhali ba a taɓa famfon ba. Bayan an zuba ƙwayoyin a kan madogari ma a bar su su kama tukuna, sannan a fara da gudu kaɗan, in ba haka ba ruwa ya wanke su zuwa kwalba.

Akwai ɓarnar da ido ba ya gani. Ruwa hanya mai sauƙi yake bi. Idan zoben roba bai matse madogarin ba, sai ya zagaye ta gefe, famfo na ta juyi, ciki kuwa a bushe yake da abinci. Gwada da ruwa mai launi kafin a sa ƙwaya ko ɗaya. Kumfar iska guda ma tana toshe ɓangare, don haka a sa tarkon kumfa kafin mashiga.

Matsalarmu ta nan kuwa wutar lantarki ce. Famfo ya tsaya na 'yan awanni, ƙwayoyin da suka yi cunkoso saboda sabo da ruwa mai gudu su shaƙe, fiye da na kwanon da ba a taɓa tura wa ruwa ba. Famfo da inkubeta su zauna a kan inbata da batir, janareto ya zama na agaji. Ƙurar hunturu kuma tana zuwa da ƙwayoyin naman gwari, kowace mahaɗar tiyo ƙofa ce, a rage su. Ruwan da ya koma rawaya ko ya gurɓace dare ɗaya, a zargi cuta.

A ƙarshen makonni 3 zuwa 5, jan launin alizarin, rinin da ke nuna inda kalsiyam ya taru, kaɗai ba shaida ba ne cewa an yi ƙashi, domin fosfet ɗin da aka zuba yana iya daskarewa da kalsiyam ko a kan matattun ƙwayoyi. A raba samfurin biyu a duba tsakiyarsa, a auna alkalin fosfates da ostiyokalsin, furotin ɗin da ƙwayoyin gina ƙashi ke samarwa, a kwatanta da madogarin da aka tura wa ruwa ba ƙwaya. Ko a gwajin aladu na Jami'ar Kolambiya a 2016, da aka dasa musu ƙashin muƙamuƙi bayan renon mako 3, ɗanyen ƙashi ne marar jijiyar jini aka dasa, jikin dabbar ne ya ƙarasa ginin cikin wata 6.