Kafin ka rushe abin da ka tarar

Makon nan an miƙa mini wata tsohuwar manhajar biyan albashi in gyara, wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin aikin. Abokin aikina, yaro mai kaifin basira, yana buɗe ta ya ce: "Yaya, mu share kawai mu sake sabuwa."

Sai muka zauna muna bin layukan umarnin da aka rubuta manhajar da su ɗaya bayan ɗaya. Wani layi da ya yi kama da shirme, ashe shi ke hana lissafi rikicewa a ranar 29 ga Fabrairu. Wani kuma an sa shi ne saboda ma'aikatan da sunayensu da na mahaifansu suka zo ɗaya. Kowane faci akwai ranar da wani ya sha wuya kafin ya sa shi.

Kamfanin Netscape ya bi irin shawarar yaron nan a 1998, ya watsar da tsohuwar manhajarsa ta shiga intanet. Sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, lokacin kishiyarta Internet Explorer, ta kamfanin Microsoft, ta riga ta cinye kasuwa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin haka muke yi wa junanmu. Sabon shugaba ya hau, aikin wanda ya gada ya zama kango. Matashi ya dawo daga makaranta, yana ganin duk tsarin gidansu kuskure ne, bai taɓa tambayar dalili ba. Tabbas akwai ruɓaɓɓen da dole a cire, mu ma mun cire da yawa. Amma sai da muka gwada kowanne, muka ga abin da ke jingine da shi, ranar Juma'a kuma albashi ya fita daidai.