Daƙiƙa Uku Bayan Tambaya

Na shekara tara ina koyarwa a firamare kafin in san cewa kusan duk maganar da ake yi a ajina daga bakina take fitowa. Kuma ba ni na gano ba. Shugabar makarantarmu ce ta kawo tsarin malamai su riƙa shiga darasin junansu, sai wata rana abokiyar aikina ta zauna a bencin baya da takarda da biro, ba ta ce uffan ba har aka kaɗa ƙararrawa. Da yara suka fita ta miƙo min takardar. Ta jera tambayoyin da na yi ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan wanda ya amsa. Sunaye biyar ne ke ta maimaituwa, a ajin da ke da yara sama da 40. A ƙasa ta rubuta: "Malam, sau da yawa kai ke tambaya, kai ke amsawa."

Maganar ta sosa min rai, domin ina shirya darasi, ina cika allo da rubutu, ajina kuma tsit. A lokacin ina ganin wannan shirun shi ne shaidar ana koyo.

A shekarar ce makarantar ta ƙudiri sauya salo, a koma koyarwar da ɗalibi ne ke yin aikin tunani da kansa, a kuma samu wasu ɗabi'u da kowa zai tsaya a kansu, daga ɗan aji ɗaya har mai gadi. Mai sauƙin muka fara yi. Muka jujjuya bencina rukuni-rukuni, muka manna hotuna a bango, muka ce mun canza. Yaran suna zaune suna fuskantar juna, amma wuyansu a karkace wajena, suna jiran in faɗa su maimaita. Hayaniya ce kawai ta ƙaru.

Abin da ya fara taɓa aikina da gaske ƙarami ne ƙwarai. A wani zaman ƙara wa juna sani aka kawo mana binciken Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, wadda a farkon shekarun 1970 ta bayyana abin da ta samu bayan ta saurari darussan da aka ɗauka a kaset, tana auna shirun da malami ke yi idan ya jefa tambaya. Yawanci bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. In amsa ba ta zo ba, sai malam ya maimaita, ko ya nuna wani, ko ya amsa da kansa. Da aka sa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki, "ban sani ba" ta ragu. Akwai kuma jira na biyu da ta nuna, wanda ake yi bayan yaro ya rufe baki, kafin malam ya ce daidai ne ko ba daidai ba.

Daƙiƙa uku a baki ba komai ba ce. Tsaya gaban aji ka yi shiru, za ka ji tsawonta. Na koma ƙirgawa a zuci, hannuna a baya, ina lanƙwasa yatsu.

A darasin lissafi na fara cin ribarta. Na rubuta 52 a cire 27. Wata yarinya da ban cika jin muryarta ba ta ɗaga hannu a hankali bayan ƙwararrun sun gama rige-rige, ta ce 35. Da can "a'a" zan ce in wuce ga na gaba, ya ce 25, a tafa masa, shi ke nan. Ranar na haɗiye "a'a" ɗin, na ce, "Yaya kika yi kika samu 35?" Ta sunkuyar da kai, na jira. Can ta ce, "Malam, 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai na cire 2 daga 7, ya zama 5. Sannan na cire 2 daga 5, ya zama 3." Na juya ga aji na tambayi wanda shi ma 35 ya samu. Hannuwa suka fara tashi a ɗarare, har suka fi goma.

Yarinyar ba canka ta yi ba. Tana da ƙa'idarta, tana bin ta tsaf, ƙa'idar ce kawai gurguwa. Shekaru ina sa jan biro a kan irin wannan amsa ban taɓa tambayar daga ina take fitowa ba. Washegari na shigo da tsinkaye ɗauri-ɗauri, goma a kowane ɗauri. Na ba kowane rukuni ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce su cire min 27. Suka yi ta gardama har wani yaro ya kwance ɗauri ɗaya, tsinke biyu suka zama 12. Abin da nake ta kira "aro" a allo ba tare da sun san me ake arowa ba, ga shi a tafin hannunsu.

Daga nan ɗoki ya kwashe ni, na zarce. Na ɗauka duk bayanin da malami zai yi tauye yaro ne, sai na riƙa ba su aiki in koma gefe, wai su gano da kansu. Masu ƙarfi suka ƙara gaba. Masu rauni suka ɓace a cikin rukuni, suna kwafar abin da na kusa da su ya rubuta, kuma da yake kowa na motsi ban lura ba sai da gwajin tsakiyar zango ya tona. Wannan kuskure nawa ne, kuma yara ne suka biya. Yaron da bai san sautin baƙaƙe ba ba zai ƙirƙiro shi don an zaunar da shi da abokai ba, dole a nuna masa, a maimaita, a gwada shi. John Dewey kansa, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896 kuma ake jingina wannan salo gare shi, ya rubuta a 1938 yana jan kunnen masu bin tafarkinsa cewa gudun tsohon tsari kaɗai ba ya zama ilimi, malami na da nauyin tsara abin da yaro zai fuskanta. Lev Vygotsky na Rasha kuma ya yi magana a kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da wanda zai iya in an ɗan kama masa. A cikin wannan tazara aikina yake. Yanzu nakan yi bayani a taƙaice, in yi misali a gabansu, mu yi ɗaya tare, sannan in sake su ina zagayawa ina leƙa littattafai.

Ɓangaren ɗabi'u ya fi ba mu wuya. Mun zaɓi huɗu a ɗakin malamai: gaskiya, girmama juna, haƙuri, taimakon juna. Aka rubuta su da manyan baƙaƙe, yara suka haddace, suna rerawa da safe, ana shiga aji a ci gaba da yi wa mai in'ina dariya. Sai shugaba ta ce kowane aji ya zauna ya fassara kalmomin da bakin yara. Ta karanto mana sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, mai cewa yaro na da haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin muhimmanci gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A ajina suka ce girmamawa ita ce kada a yi wa wanda ya kuskure dariya, kada a katse mai magana, kada a kira mutum da sunan da ba ya so. Ina cikin rubutawa wani yaro ya ce, "Malam, kai ma dokar ta hau kanka?" Na ce ta hau. Na sa hannu a ƙasan takardar tare da su.

Ba a yi sati biyu ba aka gwada ni. Littafin wani ya ɓata, na tsare wani yaro da na saba ganinsa cikin rigima, yana ƙoƙarin bayani ina katse shi da tsawa. Daga baya aka ga littafin ya zame bayan kabad. Ajin ya yi shiru, na ga idanu suna komawa ga takardar bango. Na kira sunansa a gaban kowa na ce, "Na zarge ka ba hujja, na kuma hana ka magana. Ka yi haƙuri." Harshena ya yi nauyi, ban taɓa faɗa wa ɗalibi haka ba. Cikin abokan aikina akwai wanda ya ce na zubar da girmana, yara za su raina ni, kuma ban ɗauki maganarsa wasa ba, domin aji mai cunkoso in ya kuɓuce wa malami kamo shi aiki ne. Abin da na gani dai shi ne a makonnin da suka biyo baya yara sun fara zuwa da kansu suna cewa, "Malam, ni na fasa," tun kafin in bincika. Muka daina sa monita rubuta sunayen masu surutu, muka mayar da ayyukan aji na karɓa-karɓa.

Iyaye ma sun yi tambaya. Wani uba ya zo da littafin ɗansa a hannu ya ce, "Malam, bana rubutu ya yi ƙaranci, me kuke yi da su?" Yana da gaskiyarsa, littafin shi ne tagar da yake leƙa makaranta ta ciki. Na kira yaron na ba shi lissafi, na ce ya yi wa babansa bayanin yadda ya bi. Uban ya saurara har ƙarshe. Tun daga nan nake sa yara su rubuta hanyar da suka bi kusa da amsa, don na gida su ga tunanin.

A zango na uku abokiyar aikina ta dawo bencin baya da takardarta. Wannan karon sunayen sun cika shafi. Amma ta ja layi a ƙarƙashin sunan wani yaro da ke zama kusa da taga, ta ce har yanzu bai buɗe baki ba ko sau ɗaya. Na ba shi ƙaramin allo da alli, na ce in na yi tambaya ya rubuta ya ɗaga, ni kaɗai zan duba. Sati uku yana ɗagawa. Ranar Litinin da ta wuce na tambayi 61 a cire 38, na lanƙwasa yatsuna a baya, ɗaya, biyu, uku. Ya kife allon a kan benci, ya ɗaga hannu.