Ranar aikin Baba

Talata da dare. Sai yanzu na samu na zauna a barandar ɗakin maza na asibiti, bayana kamar zai ɓalle. Yau aka yi wa Baba aikin ƙabar nan, tun asuba muka baro ƙauyenmu ta hanyar Ringim, ga hunturu na kaɗawa.

Aikin dai Alhamdulillahi lafiya lau. Bayan an turo shi ne hankali ya tashi, an ce ba jimawa zai farka amma shiru shiru, in na ce "Baba" sai ya ɗan ɗaga gira ya koma, na taɓa hannunsa sanyi ƙalau kamar randa, can kuma sai makyarkyata, haƙora na haɗuwa kaf-kaf har gadon ƙarfen na motsi. Inna sai salati, wai zazzaɓin sauro ne ya taso, Gwaggo kuwa har ta fara zancen iska, ita komai iska.

Nas ta sa ma'aunin zafin jiki, digiri 35 da 'yan kai. Ta ce lafiyayye wajen 37 yake, ƙasa da 36 kuwa sanyi ya shige shi. Wai allurar barcin ce ke buɗe jijiyoyin fata ɗumin ciki ya tsere, a awar farko kaɗai digiri 1 ko fiye ke tafiya, ga iyakwandishan ɗin ɗakin tiyata, ga ƙarin ruwa mai sanyi, ga tsoho ba tsoka. Kuma in jiki ya yi sanyi hanta ba ta saurin narkar da maganin, shi ya sa farfaɗowar ke jan ƙafa, jini ma ba ya saurin tsayawa.

Inna ta ce "'Yar nan, bari in aika a samo kaskon garwashi." Nas ta ce "A'a Mama, gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake, kwalbar ruwan zafi ma kar ku manna masa, zai ƙone bai sani ba." Wallahi matar nan ta san aikinta. Bargo aka ƙara, na cire hulata ta sanyi na sa masa, ta sauya ledar ruwan da wadda aka ɗumama.

Dab da magariba ya buɗe ido sosai, maganarsa ta farko wai an ba tumaki harawa? Har nas ɗin sai da ta dara. Kunun da Gwaggo ta damo yana nan a filas, an ce kar a ba shi komai sai likita ya zagayo. Gobe Yaya zai karɓe ni in je gida in duba masa tumakin.